Kaskon Iya da A-kori-kurar Kakana

A gidanmu na Tudun Wada, wutar da muke ji da yamma ba tamu ba ce, ta mota ce. Kakana direba ne tun zamanin haƙar kuza, yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal wadda sanyin Jos ke daskarar wa da ciki. Sai an tura mata kaskon garwashi ƙarƙashin inji da asuba take yarda ta motsa. Don haka kakata, Iya, kan hura gawayi bayan magariba, mu jikoki mu kewaye kaskon kafin ta rufe shi da toka.

"Matso, maigidana," takan ce da ni, "kafin kishiyata ta kwashe wutar." Kishiyar tata ita ce motar. Sai ta tona garwashi ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo, Iya."

Tatsuniyar da ta fi zama mini ita ce ta wata mota mai girman kai. Wai kullum sai mutanen gari sun taru sun tura ta, suna dariya, suna shafa mata hannu a baya. Ta ji kunya, ta je wurin maƙeri ta ce ya yi mata zuciyar da ba ta bukatar kowa. Maƙeri ya yi mata, ya kulle cikinta yadda ba mai iya leƙawa. Ta yi ta gudu shekara da shekaru, ko tari ba ta yi. Masu tura ta suka daina fitowa, 'ya'yansu suka tashi ba su san sunanta ba. Ranar da ciwo ya kama ta a daji, mutane suka riƙa wucewa suna cewa, "Kai, wannan mota da kyau take."

"Sai me ya faru, Iya?"

"Ba abin da ya faru. Tana can har yanzu. Ku miƙo mini toka."

Ni a lokacin haushin labarin nake ji, don ba kura, ba duka. Amma da safe sai in gan shi a ƙofar gida. Baba Dung maƙwabcinmu ya fito da rigar sanyi yana cewa da irin Hausarsa, "Oga, yau ma shi ya ƙi?" Danladi tela ya ajiye almakashi, wasu ma su taho. A ja kasko, a cire dutsen bayan taya, a tura ta har bakin gangara. Kakana ya saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari, ta tashi, a sa ihu kamar an ci ƙwallo. Iya kuma ta fito da kunu.

Yau ina Rayfield, cikin gida mai katanga. Ina da sabuwar a-kori-kura, ita ma dizal, kuma ba zan yi mata ƙarya ba: maɓalli nake dannawa ta tashi, komai sanyi. Sau ɗaya ta kunyata ni, da na sha gurɓataccen mai a hanyar Kuru. Bakanike ya ɗaga bonet, ya duba, ya mayar ya rufe. "Oga, wannan sai mai kwamfuta." Na zauna a cikinta har rana ta yi sanyi, motoci na wucewa. A nan muryar Iya ta dawo mini.

Bara aka sayar da gidan Tudun Wada. Kawuna ne ya riƙa lallaɓa tsohuwar motar har ya rasu, sai 'yan'uwa suka ce a bai wa 'yan gwangwan su sare ta. Na roƙa a bar ni in gwada: in ta tashi tawa ce, in ta ƙi su ɗauka. Na hura kasko da kaina, na tura mata, na cire dutse. Na fita neman masu turawa. Baba Dung ya daɗe da rasuwa, shagon Danladi ya koma na cajin waya. Na duba layin sama da ƙasa, ban ga wanda zan kira da suna ba.

'Yan gwangwan ɗin ne suka tura ta, su dai a fitar musu da kayansu waje. Da muka kai gangara na saki kuloci. Ta yi tari, ta girgiza, ta tashi. Na duba madubi ina jiran ihu. Suna tsaye suna kaɗe hannu, ransu a ɓace.

Na kai ta Rayfield ina share hawaye, na ajiye ta gefen sabuwar. Na daɗe ina ɗauka Iya tsofaffin motoci take yabo. Ashe ba ruwanta da ƙarfe, mutanen da ke fitowa da safe take ji wa tsoron su ɓace.

Tun ranar tsohuwar motar ba ta sake tashi ba. Lafiyarta ƙalau. Kasko ina da shi, gawayi ma akwai. Masu turawa take jira, ni kuwa ni kaɗai ne a gidan.