Rubutun da ke Bayan Kwalin Ƙwai

Shagona na kafinta yana jingine da nasa, bango ɗaya ya raba mu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowa a layinmu Sai-Na-Gwada yake kiransa, don ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Matarsa ta ce ranar da babanta ya tambaye shi ko zai iya riƙe ta, amsar da ya bayar ke nan.

Sana'arsa ɗaukar murya. Ɗaki ne ƙarami: tebur ɗaya, makirufo biyu, da wani tsohon katin sauti mai girman sandar sabulu, fentinsa duk ya goge. Katin ne ke karɓar murya daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, amma mutumin nan ya ƙi jefar da shi. Linux yake amfani da shi, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. A can wasu mutane da bai taɓa gani ba suke ci gaba da rubuta wa katin direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi.

Halaye biyu na san shi da su. Kafin ya ɗauki kowa, sai ya buga cokali a kofin shayinsa sau uku, ya saurari yadda ya fito. Na biyu, duk matsalar da ya warware, sai ya rubuta maganinta da fensir a bango. Bangon ya cika tun daga saitin gwiwa har inda hannunsa ke kaiwa. Shekara biyar da suka wuce ya ce in rufe masa bangon da kwalin ƙwai don murya ta daina amsa-kuwwa.

Na ce, "Rubutun fa?"

Ya ce, "Duk yana kaina."

Ni dai na buga ƙusata.

Yayana mai aski ne. Shekara ashirin yana rera waƙa a kan kawunan mutane, waƙoƙi shida, duk nasa, ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Likita ya ga wani ƙari a maƙogwaronsa, ya sa masa tiyata ranar Alhamis da safe, ya kuma gaya masa gaskiya: muryar tana iya dawowa, tana iya ƙi. Sai Yaya ya ce a ɗauke shi ranar Litinin.

Ranar Litinin kwamfutar ta yi wani ɗan wari ta mutu.

Sai-Na-Gwada ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora mata sabon Linux. Ta tashi lafiya, amma ta ƙi sanin katin. Yaya ya zauna da sabuwar rigarsa har azahar.

Ya ce, "Maƙwabci, ka ɗauke ni da waya kawai mana. 'Yata ma haka take yi."

"Muryarka tana da kauri a ƙasa, Yaya. Waya za ta yanke rabinta."

"To zai yi kafin Alhamis?"

"Sai na gwada."

Yaya ya dube ni. "Wannan ko wuta ce ta kama rigarsa, sai ya gwada tukuna."

Da yamma Sai-Na-Gwada ya rubuta wa wadda ke kula da direban. Bai san fuskarta ba, bai san ƙasarta ba, Anti kawai yake ce mata. Ta nemi lambobin katin, ya aika. Ranar Talata ta turo gyara, layi huɗu kacal. Ya haɗa, kwamfuta ta gane katin, har sunansa ya fito a allo. Ya buga cokali sau uku. Ya kunna. Shiru.

Daga nan ya nitse. Ya canja waya, ya canja makirufo, ya sauke manhajar haɗa kiɗan ya sake ɗorawa, ya karanta layukan Anti har idonsa ya yi ja. Matarsa ta kawo abinci ta mayar da shi yadda ta kawo.

Laraba bayan azahar ta sake zuwa, ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu.

Ta ce, "Wannan shirun ai na san shi. Shekarar da na haifi babbarmu haka ka yi kwana uku ba ka ci ba. Da ya gyaru ka rubuta a can, bayan ƙofa, kana ta dariya kai kaɗai."

"Me na rubuta?"

"Ni na sani? Ba ka ce duk yana kanka ba?"

Na shiga shagona na ɗauko guduma, na fara zare ƙusoshin da na buga da hannuna. Kwali na farko, maganar firinta ce. Na biyu, lambar wayar wani mai walda. A bayan na biyar muka same shi, da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu: "Sabon direba da makirufo a kashe yake zuwa. Buɗe allon ma'aunin sauti ka kunna. Kar ka sake zama sakarai."

Yaya ya karanta da ƙarfi, ya maimaita layin ƙarshe don kowa ya amfana.

Maɓalli ɗaya Sai-Na-Gwada ya danna. Ya buga cokali, sai ƙarar ta fito daga lasifika tas, sau uku.

Na kashe injin yankan katako, na hana mai gyaran babur na gabanmu tayar da komai. Yaya ya tsaya gaban makirufo, hannunsa na dama yana motsi kamar yana riƙe da almakashi, don ba ya iya waƙa sai da shi. Daga baya sai da na je shagonsa na ɗauko masa almakashin. Ya yi waƙa huɗu. A ta biyar muryar ta soma tsagewa, Sai-Na-Gwada ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

An yi tiyata lafiya. Muryar ta dawo, amma a dushe, ba ta hawa sama. Yanzu waƙoƙin nan huɗu ne ke tashi a shagon aski daga safe zuwa yamma, da ƙarar almakashi a cikinsu, Yaya yana bi a hankali yana gyara wa kansa kuskure.

Sai-Na-Gwada ya aika wa Anti ƙarar cokalin nan uku, ya ce ta sa a bayanin direban cewa makirufo a kashe yake zuwa. Ta sa.

Na tambaye shi ko in mayar da kwalayen. Ya ce in cire sauran tukuna, zai kwafe bangon a littafi. Wata uku ke nan kwalayen suna jibge a shagona, shi kuwa daga saitin gwiwa ya fara kwafa, ko saitin ƙugu bai wuce ba.