Launi Huɗu na Inna Hajo

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Inna Hajo, uwar mijina, wadda matan ƙauyen Allakaye ke kira in za a yi wa ɗaki ado. Launinta huɗu ne tak: jar ƙasa, farar ƙasa, wata mai ruwan ɗorawa da take tonowa a gindin dutse ta hanyar Keita, sai baƙin tukunya. Da ƙaro take kwaɓa su don su kama bango.

Ba koyo ya kai ni wurinta ba. Shekarar da ɗana na fari ya rasu, na ajiye koyarwa a Madawa, na shige ɗaki wata biyu ba na magana da kowa. Mijina ya rasa yadda zai yi, ya kai ni ƙauye. Inna ba ta yi mini wa'azin haƙuri ba. Kwana uku da zuwana ta miƙo mini ƙwarya da tsumma.

"Tashi, ɗiyata, hannuna na ciwo. Kama mini bangon ga."

Hannunta lafiya lau yake. Na shafa ja, ya yi duhu kamar hanta. Na ce a aika a sayo shuɗin fenti.

"Ba mu da shi," in ji ta. "Ƙara hwara kaɗan, ki jira shi bushe."

Da ya bushe, sai ga launin tudun bayan gari da la'asar. Ɗaki bakwai muka yi kafin damina. A na biyar na zana zabuwa ta fito kamar tulu, dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun rasuwar yaron. Inna ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

Yau gwangwanayen fenti sun cika kasuwa, ɗakunan amare sai sheƙi. Nakan ce, da tana nan me za ta ce? Ba na jin za ta yi faɗa. Za ta sansana, ta yamutsa fuska, sannan ta gwada ko yana haɗuwa da farar ƙasa.

Ruwan sama ya cinye bangayen nan duka, ko hoto ba mu ɗauka ba. Amma bara a kasuwar Bangi wata tsohuwa da ban sani ba ta ƙura wa zanen faifan da ke hannuna ido.

"Wanga hannun Hajo na," in ji ta.

Na ce ni na yi, Hajo surukata ce.

"A'a, uwarki dai."

Ban yi musu ba. Allah ya jiƙan Inna.