Yaya, Sun Ce Jininka Ya Yi Kyau

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, kafinta mai rufin gidaje. Rina ce ta harbe shi a wuya yana ɗaga tsohon kwano. Kafin a sauko da shi daga tsani maƙogwaronsa ya kumbura, kafin a isa asibiti numfashi ya tsaya.

Yaya, ana ta ba ni haƙuri, kuma ina yi. Amma shiru kam ba zan yi ba.

Kai ka riƙe mu bayan rasuwar Baba. Teburin da na yi karatu a kansa, da guntayen katako ka haɗa mini shi, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ka ce don kada in yi gyangyaɗi. Duk gabanin damina kana zagaya gidajen tsofaffin layinmu da ƙusoshi a aljihu kana toshe musu yoyo. In sun yi godiya ka ce hanya ce ta biyo da kai.

Tun harbin farko da ya sumar da kai muka san jikinka ba ya shiri da dafin rina, ga shi a ƙarƙashin rufi take gida. Da wani asibiti ya buɗe bincike kan irin wannan borin jini, da murna ka shiga. Suna yi maka allurar dafin kaɗan-kaɗan don jiki ya saba, suna ɗibar jininka suna aunawa. Likitan ya ce abu biyu suke bi a cikin jinin: mai tayar da borin, da mai tare dafin. Suna son na biyun ya yi ta hauhawa. Ka dawo gida kana dariya, ka ce, “Ni da rina mun kusa zama surukai, sai gaisuwa daga nesa.” Ba ka taɓa fashin zuwa ba. Hannunka a kumbure kake riƙe guduma.

Da bakinsu suka ce maganin na shekaru ne. Amma da suka tara jinin da suke buƙata, shekara ba ta cika ba, suka rufe ɗakin binciken. Ina tsaye ka tambayi likitan, “To ni fa, ranka ya daɗe?” Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Jininka ya yi kyau, koma aikinka.” Ba su tura ka wani wuri ka ƙarasa ba. Ba su ba ka allurar gaggawa ka riƙa yawo da ita ba.

Sai ranar da muka je ɗaukar gawarka wata likita ta gaya mini cewa awon jini shi kaɗai ba ya tabbatar da mutum ya tsira, kuma duk wanda ya san aikin ya san haka. Ashe sun sani. Jininka suke so, ba kai ba. Yana can cikin firjinsu da lamba a jiki, kai kana ƙarƙashin ƙasa. Har aka share makoki babu ɗayansu da ya tako ƙofar gidanmu.

Na yarda da ajali, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma sakaci ma yana da mai shi, kuma akwai ranar tambaya. Ni ban yafe ba tukuna.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yalwata kabarinka, Ya sa wahalar numfashin nan ta zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda har yanzu take ajiye maka abincin rana, da matarka, da ’ya’yanka, da abokan aikinka da suka sauko da kai a kafaɗunsu. Allah Ya ba mu juriyar rashinka, Ya raya abin da ka bari. Amin.