Juma'ar da Kakana Ya Ajiye Ƙuge

Wata Juma'a ce lokacin tsigar gyaɗa, shekarar da nake aji huɗu a firamare. An idar da La'asar, na laɓe a bayan tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Tabarmi sun cika maƙil, har mutanen Madachi sun zo a kan kekuna, mata kuma sun yi cirko-cirko a bayan danga suna leƙe. Kakana Malam Inuwa, wanda kowa ke ce wa Mai Ƙuge, yana zaune a kan buzunsa, ƙaramar ganga a hammata, ƙugensa na baƙin ƙarfe mai baki biyu yana rataye a gwafar da ya kafa a gabansa. A lokacin ya kusa ƙarasa labarin da ya shafe Juma'a bakwai yana ja, ni kuwa na riga na yi masa ɓarna bai sani ba.

Kaka manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, tsakanin Rano da Kibiya, amma idan amfanin gona ya fara shigowa gida sai ya kakkaɓe gangarsa. Ba ya son a ce tatsuniya yake yi. "Tatsuniya ta tsofaffin mata ce, ni labari nake bayarwa," haka yake cewa, kakarmu tana murguɗa masa baki. Da ganga yake yin tafiyar doki da gudun ɓarawo da saukar ruwan sama, har ka ji kamar ka nemi wurin fakewa. Ƙuge kuwa aikinsa ɗaya ne. Idan labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, sai ya ɗaga ƙahon da yake bugu da shi, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya buga ƙwal! Shi ke nan, sai wata Juma'ar. Ko mai unguwa ya roƙe shi ba ya ƙara kalma. Mako guda mutane za su yi suna musu a bakin rijiya da wurin sussuka, kowa da irin ƙarshen da yake zato, shi kuwa yana wucewa da fartanya a kafaɗa kamar bai san zancen ba.

Labarin shekarar nan na wani mafarauci ne, Jatau, da ya yi rantsuwa sai ya kashe zakin da aka ce ya cinye wansa. Ni ce mai kai wa Kaka fura gona idan na taso daga makaranta, in zauna ina taya shi tsigar gyaɗa ina cin rabi. Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsohon miji mai furfura. Na dame shi da naci, wallahi har da kukan ƙarya, sai da wata rana ya waiga hagu da dama, ya raɗa mini ƙarshen: zakin nan wan Jatau ne, asiri aka yi masa ya rikiɗe. Ya kama kunnena ya ce, "Uwargida, wannan tsakanina da ke ne."

Kwana biyu kacal na iya riƙewa. A makaranta akwai wata Ladi, babbar yarinya mai tsiwa, ita ke zaɓen wadda za ta shiga carafke da ’yar gala-gala a lokacin tara. Ranar ta hana ni shiga, ta ce ba a wasa da jikar maroƙi. Abin ya ƙona mini rai. Na ce ai duk ubanninku a gaban kakana suke zama baki buɗe, kuma ni na san abin da ba su sani ba. Suka zagaye ni, Ladi da kanta ta miƙo mini duwatsun carafke, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, har ’yan aji ɗaya sun ji.

To, ga mu a gindin tsamiya. Ganga ta yi ƙasa-ƙasa, Jatau ya ja baka, zaki ya ɗago kai yana zubar da hawaye. Kaka ya ɗaga ƙaho, wuri ya yi tsit. Sai wani yaro daga kan reshe ya ƙwala ihu, "Wansa ne! Zakin wansa ne!" Sauran yara suka ɗauka suna tafi. Manya suka yi ta tsawa, wasu samari suka fashe da dariya, wani ya ce ai shi tun Laraba matarsa ta gaya masa. Hannun Kaka ya daɗe a sama. Sannan ya sauke shi a hankali ba tare da ya taɓa ƙarfen ba, ya ce, "Tunda kun sani, Allah ya ba mu alheri." Ya naɗe buzunsa. Bai neme ni da ido ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Na jira bulala, ba ta zo ba. Bai gaya wa babana ba, bai gaya wa kowa ba. Washegari na kai masa fura, ya karɓa ya ce, "Sannu, Hadiza." Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na tsuguna ina tsigar gyaɗa, ina son in ba shi haƙuri, ina cewa gobe zan faɗa. Mai unguwa ya aiko sau biyu, Kaka ya ce hannunsa ke ciwo. Ganga ta koma rataye a rumbu har ɓeraye suka ci fatarta, ƙuge kuma ya zama abin tokare ƙofar zaure. Ina ta jiran lokacin kaka ya zagayo ko zai huce, sai zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, bai tashi ba. Goben nan tawa ba ta zo ba.

Yanzu an sare tsamiyar, shagon cajin waya ne a wurin, yara kuma ba su san a jira labari mako guda ba. Kwanan baya ɗana Inuwa ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: wani tsoho ne a ƙasar Sin, zaune gaban mutanen ƙauyensu, yana ba da labari da ’yar ganga da wani faifan ƙarfe da yake bugawa. Ban ji ko kalma ɗaya ta yarensa ba, amma da ya ɗaga sanda ya tsaya yana duban jama'a, sai na ƙara matsowa kusa da wayar. Inuwa ya kai yatsa zai ja bidiyon gaba, wai ya ga yadda za a ƙare. Na riƙe masa hannu gam har ya tsorata, na ce, "Bar shi ya ƙarasa da bakinsa."

Tsohon ya buga ƙarfensa, ni kuwa na shige ɗaki don kada yaron ya ga idona. Shekara talatin ke nan ina jiran wannan bugun.