Shanu Masu Tozo a Ƙauyen Ayalan

Daga Wusasa zuwa Atlanta

Gari bai waye ba muka fito da akwati. Matata Talatu, wadda ciwon gwiwa ya hana ta tafiyar, ta rako ni bakin titi tana dogara sanda. Ba ta ba ni sautun komai ba, magana ɗaya ta yi: "Malam Bulus, kada ka dawo gidan nan sai yarinyar nan ta san ka."

Yarinyar nan ita ce jikarmu Saratu, 'yar wajen 'yarmu Rifkatu, shekararta biyar, kuma a Greensboro ta Amurka aka haife ta. Duk Lahadi in uwarta ta kira mu a waya mai hoto, da ta ga fuskata sai ta ruga bayan kujera. Na koyar da 'ya'yan mutane a firamare har na yi ritaya, wasunsu har yau suna durƙusa mini a kasuwa, amma jikata tana guduna kamar ta ga dodo. Ina mai da abin wasa a gaban mutane, alhali yana cin raina.

Ƙarfe biyar da rabi motarmu ta tashi daga tashar Kwangila ta Zariya. Mun wuce Kaduna kenan Rifkatu ta kira ta ce in akwai nama a kayana in rabu da shi, ba a shiga da shi ƙasar. Ga kilishi ƙunshi guda Talatu ta cusa mini. Sai na kwance shi muka raba da fasinjoji, har ɗan sandan da ke shinge ya samu rabonsa. Direba ya ce, baki cike, Allah ya sa kada Amurka ta taɓa janye wannan doka.

Daga Abuja ƙaramin jirgi ya kai ni Legas, daga nan muka hau babba wanda ya yi ta tafiya har na gaji da barci na gaji da farkawa. A Atlanta wani jami'i ya buɗe jakata ya tambayi mene ne koren garin nan, na ce kuka ce ta miya. Ya buɗe ledar daddawa, ya shaƙa sau ɗaya, ya rufe da sauri ya ce in wuce.

Greensboro

Rifkatu da mijinta Kebin suna jirana a filin jirgi. Na buɗe hannu ina cewa ina amaryata, sai amarya ta zagaya ta ɓuya bayan ƙafar wani dogon tsoho Bature, ta riƙe wandonsa gam. Shi ne mahaifin Kebin, mutumin ƙasar Ayalan, mai gyaran wutar lantarki da ya yi ritaya. Sunansa Eamon, bakina ya ƙi sunan, na mai da shi Malam Aminu, bai kuwa ƙi ba. Na ce Rifkatu ta gaya masa ya ƙwace mini mata, sai mun je gaban alƙali. Sai da ta yi masa bayanin wasan jika da kaka tukuna ya yi dariya.

Gidan su Rifkatu yana wani bene kusa da Gate City Boulevard. Satin farko na sha tuwo da miyar kuka, na sha gaisuwar 'yan majami'arsu, mutanen Jos da Kafanchan da Yola, kowa da kwanonsa. Sai dai Saratu ba ta matso ba. Na ba ta alewa ta miƙa wa uwarta. Na yi mata waƙar da nake yi wa 'yan aji ɗaya, ta toshe kunne. Da Talatu ta tambaye ni a waya yaya ake ciki, na ce mata da sauƙi.

Rifkatu nas ce, Kebin ma yana fita aiki, don haka da rana gidan Malam Aminu ake kai yarinyar. Ran Litinin aka haɗa da ni, kada zaman kaɗaici ya kashe ni.

Garejin Malam Aminu

Na ɗauka mota ce a garejin. Ashe ƙauye ne guda a kan tebur da bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba. Ga ɗan layin dogo siriri ya zagaya, ga tasha, ga jirgi mai kai kamar akwatin ashana yana jan taragu uku. Malam Aminu ya ce ƙauyensu ne na yammacin Ayalan kamar yadda ya bar shi yana yaro, lokacin da ƙaramin jirgi mai matsattsen layi ke ratsa shi. An daɗe da cire layin. Yana gina shi ne don Saratu ta san inda kakanta ya fito. Na ji maganar har cikina, domin ni ban zo da komai da zai nuna mata inda nata ɗayan kakan ya fito ba, sai daddawa.

Na gaya masa mu ma an yi irin wannan ɗan jirgi daga Zariya zuwa Jos, babanmu kan ce in ya zo hawan tudu mai sauri a ƙafa yana iya cim masa. Ya tafa ya ce ashe ɗan'uwan nasu ne. Daga nan muka saba, ya ba ni ƙaramar wuƙa ya ce in kama aiki.

Rabin teburin duk fari ne fat, ba a gama ba. Tuddan da wani soso mai tauri ake yanka su, a shafe da filasta, a yi fenti, sannan a shafa gam a barbaɗa ciyawar roba mai laushi kamar gari. Shingen gonaki na dutse ne, da tsakuwa ake jera shi ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, har bayana ya ƙage. Akwai wani fili baƙi inda mutanensu ke sarar ƙasa su shanya su yi makamashi da ita. Wannan da busasshen ganyen shayi yake yin sa, saboda haka ba a zubar da tukar shayi a gidan. Mutum ne mai tsantseni, kome sai ya gwada da tsofaffin hotuna. Na dasa wata bishiya inda na ga ta dace, ya tumɓuke ta cikin ladabi, wai iskar teku ba ta barin itace ya yi tsayi a can.

Saratu kuwa tana kan kujera kusa da shi, ita ke danna abin da ke sa jirgi tafiya. In na matso sai ta koma ɗaya gefen teburin.

Wendover

Ran Alhamis gam ya ƙare, muka tafi kanti a Wendover Avenue. Motoci kamar an kora su, ba mai tafiya a ƙasa ko ɗaya, ba mai tallan ruwa. A kantin Malam Aminu ya ɗauko kwalin shanun roba baƙaƙe, 'yan ƙanana, guda shida kacal, ya ce makiyayarsa na bukatar ninkin haka amma sauran sun ƙare. Na duba kuɗin da ke jiki na mai da shi naira a zuci, na ce masa ya bar sauran a hannuna.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, kuma na lura ƙasar bayan garejinsa ja ce mai danƙo, irin ta bakin rafinmu sak. Muna yara da ita muke gina shanu, mu yi musu ƙaho da ƙaya, mu jera garke a rana muna gardamar wa ya fi dukiya. Washegari na naɗe hannun riga na zauna a ƙasa. Na yi zaton hannuna ya manta, ashe yana sane. Na gina guda goma sha biyu, kowace kamar gyaɗa mai ɓawo, ƙaho da tsinken sakace. Muka gasa su a tandar kicin, na yi musu farin fenti da baƙin kunne.

Na jera masa su ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya ɗaga ɗaya, ya daɗe yana juya ta. Sannan ya nuna bayanta ya tambaya a hankali, wannan ƙullutun fa? Na ce tozo ne mana. Ya ce shanun Ayalan ba su da shi, bayansu a miƙe yake. Ni kuwa ko kusa tunanin bai zo mini ba, domin a wurina saniya ba tozo ba a gama halittarta ba. Kunya ta kama ni a gaban suruki. Na ce bari in kankare, ya ce a'a, aikin ya yi kyau da yawa, sai ya jera su a kan taga. Na gane an sallami shanuna ke nan cikin mutunci.

Ina wanke hannu a famfon waje sai na ji an ja mini riga. Saratu ce, da saniya ɗaya a tafin hannunta. Ta tambaye ni da Turanci mene ne wannan a bayanta. Na ce, "Tozo." Ta maimaita, ta yi dariya, ta sake maimaitawa. Sai ta ce in nuna mata yadda ake yi. Muka zauna cikin laka ni da ita har la'asar. Da Rifkatu ta zo ɗaukarmu ta ga rigar yarinya ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga wanda 'yar ke jingine da shi, ta juya tana share ido.

Daga ranar da safe mu yi wa Malam Aminu shinge da ciyawa, da rana mu koma kiwonmu. Ta koyi saniya, ta koyi laka, ta koyi ƙaho. Ni kuma ta raɗa mini suna Kakan Tozo.

Ranar buɗe ƙauye

Asabar ɗin ƙarshe kafin in dawo Malam Aminu ya gayyaci abokansa uku masu irin wannan sha'awa su ga ƙauyen da aka gama, Rifkatu kuma ta gayyato 'yan majami'a da waina da zoɓo. Ya yaye zanen da ya rufe teburin, sai kowa ya zuba ido. Baƙaƙen shanunsa shida, kowace an ɗora mata curin jar laka a baya. Fararen nawa kuma sun sauko daga taga, ga su a jere suna tsallaka layin dogo daidai bakin tasha. Saratu ta tsaya tana murmushi, hannu a baya.

Nan take na gane aikin Saratu ne. Mutumin nan ya shekara biyu yana wannan aiki, itace ɗaya bai yarda ya zauna inda ba wurinsa ba, ga shi kuma a gaban abokansa. Na fara shirya kalmomin ban haƙuri.

Malam Aminu ya matso teburin. Ya danna jirgi ya taso, ya zagayo ta bayan tudu, ya ratsa baƙin filin shayi, ya rage gudu, ya tsayar da shi dab da saniyar farko. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A ƙauyenmu ma jirgi yakan tsaya wa shanu. Kuma ban taɓa jin direba ya tambaye su daga ina suka zo ba."

Gareji ya ɗauki dariya da tafi. Wata Anti Laraba, mutumiyar Kafanchan, ta rangaɗa guɗa har wani daga cikin abokan ya zubar da zoɓonsa. Da yamma na ga Malam Aminu da kansa yana ɗiga gam a ƙafafun fararen shanun, kada su faɗi.

Komawa gida

A filin jirgi Saratu ba ta ɓuya bayan kowa ba. Ta cusa mini wani abu naɗe a tsumma cikin aljihu ta ce na Kaka mace ne. Hanyar da na bi ita na sake bi, Atlanta, Legas, Abuja, sannan mota. A kowane shinge hannuna na kan aljihun nan, har wani soja ya tambaya ko kuɗi ne, na ce dabba ce.

Na iso Wusasa da la'asar. Talatu ba ta bari na ajiye akwati ba ta ce, "To, ta san ka?" Na kwance tsumman na ɗora mata a hannu. Saniya ce mai ƙafa uku, tozonta ya fi kanta girma. Tana cikin juya ta waya ta yi ƙara. Fuskar Saratu ce ta cika allon, uwarta na raɗa mata kalmomi daga gefe, ta ce da Hausarta mai tangaɗi, "Kaka, saniya ta sauka lafiya?"

Talatu ta amsa kafin ni, ta ce lafiya lau, har ta sha ruwa.

Godiya ga Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da su Rifkatu da suka ɗauki nauyina, da surukina Malam Aminu wanda ya ba baƙin shanu wurin kiwo a ƙauyensu. Ƙarar da na ce zan kai shi gaban alƙali kuwa na janye ta.