Sallau Direba da Gwangwanayen Bakin Korama

A Matameye an san Sallau direba da rashin zama. Ko shayi ba ya ƙarasawa a kan tabarma: kofi na biyu a tsaye yake shansa, na uku sai dai a bi shi da shi bakin mota. Ɗan garin Dungu ne, ubansa manomin rake, amma tun yana saurayi ya ajiye hauya ya bi motoci. Shekara shida ya yi yana tuƙa Malam Inusa, ma'aikacin ruwa mai auna rijiyoyi, daga baya ya koma cin rani Kano, yana jan motar wani ɗan kasuwa daga kaka zuwa faɗuwar ruwa.

A 1984 aka rufe iyakar Najeriya, damina kuma ta ƙi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mazan da suka saba tafiya bayan girbi suka rasa girbin, suka rasa tafiyar. Sallau ya shiga zagaya gari kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ya je tasha ya duba tayoyin motocin da ba nasa ba, ya dawo gida ya kwance ƙyauren ɗaki ya sake ɗaurawa.

"Malam, ƙyauren nan lafiyarsa lau," in ji matarsa Rabi. "Wannan karo na uku ke nan."

Wata Talata da hantsi wata tsohuwar Landiroba ta tsaya ƙofar gidansa. Wata mata ta fito da jakar takardu a hammata. Sai da ta durƙusa ta ce "Baba Sallau, ina kwana," sannan ya gane Maryama ce, ɗiyar Malam Inusa, wadda yake kaiwa lakwal, wato makaranta, a da. Yanzu ma'aikaciyar gona ce, an turo ta daga Damagaram.

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Gwamnatin soja ta ce a yi noman rani duk inda za a samu ruwa, an kuma ba ta kwana goma ta nuna wuraren da za a haƙa a kwarin Korama. Takardun awon da mahaifinta ya bari a biro, wato ofishinsu, gara ta cinye. Shi kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ta miƙa wa Sallau ƴar takarda da tsohon ya rubuta da hannun hagu. Kalma biyu ce: Sallau, gwangwani.

Sallau ya dafe kai. A farin da aka yi shekara goma baya, shi da Malam Inusa sun bi kwarin Korama kufai bayan kufai, domin Malam ya ce mutanen da ba sa kafa gari inda ruwa ke da nisa. Duk inda aka haƙa aka samu ruwa, sai ya rubuta zurfinsa, ya rubuta kwatancen wuri na gaba, ya sa a gwangwanin madara, ya liƙe da kwalta, ya binne. Guda bakwai ya binne.

"To ai shi ke nan, Baba, ka san wuraren."

"Ƴata, na farko kaɗai na sani. Sauran ina cikin mota ina danna masa oda ya yi sauri."

Direban da ya kawo ta bai san dajin ba, sai ya miƙa wa Sallau makulli, shi ya tsaya a gari. Kafin Rabi ta gama ƙulla masa ƙuli-ƙuli a tsumma, Sallau ya tada mota.

Korama ba kogi ba ce mai gudu kullum, kwari ne mai tafkuna da goruba da giginya, inda a shekarar ƙwarai rake ke rufe mutum. A bana tafkunan sun tsage, garakan sun zama rairayi. Wuri na farko kufan wani garin marina ne. Ramukan rini suna nan jere, bakinsu har yanzu da shuɗi-shuɗi. Sallau ya juya wa wata tsohuwar kuka baya, ya yi taku talatin gabas, ya sa shebur. Bai samu komai ba. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa rigarsa.

"Baba, Malam ai gajere ne," in ji Maryama. "Rage takun."

Ya rage. Shebur ya bugi ƙarfe. Takardar tana nan kamar jiya aka naɗe ta: ruwa a mita biyu, sa'an nan a bi kwari yamma zuwa zangon fatake, a nemi dutsen niƙa da ya rabe biyu. Maryama ta ga rubutun mahaifinta na lokacin da hannunsa ke da lafiya, ta ɗan juya baya tana gyara mayafi. Sallau ya riga ya koma mota.

Zangon fatake bai ba su wahala ba. Wuri na uku tsohuwar maƙera ce, tudu guda na baƙin kashin tama. Nan suka tarar an taɓa buɗe gwangwanin, an mayar da murfin an ɗaure da igiyar kaba. A bayan takardar Malam wani ya yi rubutu da ajami. Sallau ya karanta a hankali: "Ni Cha'ibu makiyayi, saniyata ta tono wannan. Na haƙa, na shayar. Allah ya saka wa mai shi." Makiyayin ya bar wani zoben jan ƙarfe a ciki. Maryama ta kwafi awon, ta rubuta sunanta da na Sallau a ƙarƙashin na makiyayin, suka mayar da komai ramin.

Kashegari da rana tsaka suka kai wuri na huɗu, can kudu, gindin ragowar wata ganuwa da iska ta cinye rabinta. Sun ciro gwangwani ke nan sai ga motar sintiri. Sojoji huɗu suka diro. Babbansu, wani sarjan dogo mai tsagar fuska, ya dubi ramin, ya dubi jarkokin da ke bayan Landiroba.

"A nan kuke binne man fetur ɗin da kuke shigowa da shi?"

Maryama ta nuna takardar aikinta. Ya ce takarda kowa na iya yin ta. Ta miƙa masa ta gwangwanin. Ya karanta, ya ce, "An ce ruwa a mita biyu. To, ku nuna mini ruwan. In babu, mu tafi tare."

Ya karɓe makullin mota ya sa aljihu. Sallau ya bi makullin da ido har ya ɓace. Ya tuɓe riga ya fara haƙa.

Mutumin da bai taɓa cika sa'a guda a wuri ɗaya ba, ranar ya wuni a rami. Rairayi yana zubowa yana kwashewa. Maryama ta saro rassan goruba aka tokare gefen. Mita ɗaya, mita biyu, ƙasa a bushe kamar garin toka. Ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma ce fa, ruwa ya ja baya." Sarjan ya ce ya ci gaba da haƙa. Sau biyu Sallau ya yunƙura zai fito, yana ganin sama ta zama kamar faifai. Sau biyu Maryama ta sauko masa da gora ta ce, "Kaɗan ya rage, Baba," alhali ita ma ba ta sani ba.

Da la'asar biyu daga cikin sojojin suka jingine bindigoginsu suka kama jan guga, ba wanda ya sa su. A mita uku da rabi shebur ya fito da nauyi. Sallau ya dunƙula rairayin a hannu, ya tsaya bai wargaje ba. Ya jefo shi waje. Sarjan ya ɗauka, ya shinshina, ya shafa a wuyansa. Suka zauna bakin ramin su biyar suna kallon ruwa yana tsattsafowa, har ya rufe idon sawun Sallau.

"Garinmu an haƙa mita arba'in ba a samu ba," in ji sarjan. Ya ciro makulli ya jefa wa Sallau. "Ku tafi da sauran haske."

Na biyar ne ya gagara. Kwatancen ya ce tsamiya uku a jere, suka tarar tudun rairayi ya haɗiye wurin, kan tsamiya ɗaya kawai ake gani. Kwana biyu Sallau yana tono nan, yana tono can. Ba a samu na biyar ba, don haka ba hanyar na shida da na bakwai. Maryama ta ce mai ya kusa ƙarewa, kwanakinta ma haka. Ya roƙe ta wuni ɗaya, ta ce a'a. Da suka iso Matameye ta sauka, ya ce ta gaida Malam, ta gaya masa takunsa ya yi ƙanƙanta.

Wurare uku cikin huɗun aka haƙa rijiyoyi kafin sanyi ya shiga. Aka raba filaye, matan unguwa suka samu yanki a kufan marina, Rabi ta shuka kabeji da albasa da dankali. Gidaje da yawa da wannan suka kai damina. Malam Inusa ya rasu cikin azumin shekarar da ta biyo. Maryama ta ce ta karanta masa rubutun Cha'ibu makiyayi, ya sa ta maimaita sau uku.

Da aka buɗe iyaka Sallau ya yi rani biyu a Kano, sai idonsa na hagu ya fara hazo, mai motar ya sallame shi. Ya dawo ya kama jigilar kayan lambu da amalanken shanu daga bakin Korama zuwa kasuwar Matameye. Shanun sun sha faɗa a hannunsa, amma kabejin Rabi bai taɓa yin yaushi kafin ya isa kasuwa ba.