Na Ci Rabon Baba

Wata huɗu Baba ya yi abinci mai tauri ba ya wuce masa maƙogwaro, kuma duk gidanmu na Gwandu babu wanda ya sani. Ni ne nake zama gabansa kullum, gwiwata tana kusan taɓa tasa. Ni ne kuma na ɓoye ciwon da bakina da cikina, ban san ina yi ba. Ko in ce ban so in sani ba, don har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba.

A shekarar ina aiki a wani ofis a Kalgo, in fita da sassafe bisa babur ta Kambaza, in dawo dab da magariba. A bayan wani shagon walda kusa da ofishinmu samari suka kafa wurin ɗaga ƙarfe: benci ɗaya, tsofaffin ƙarafan mota, da gwangwanaye cike da siminti. Ni da aka saba yi wa tsiya ana kirana sillan kara, na shiga da zafina. Mai wurin, wani ƙato mai wuya kamar turmi, shi ya sa mini wata manhaja a waya. Ka gaya mata tsawonka da nauyinka da shekarunka, ita kuma ta yanka maka yawan abincin da zai riƙe jikinka yadda yake, ba ƙari ba ragi. Kalori suke ce wa ma'aunin. Ya ce in na tsaya a kan abin da ta yanka mini, tsoka za ta fito ba tare da tumbi ba.

Na tsaya kuwa. Har ɗan sikeli na saya, ina auna shinkafa da wake kamar mai sayar da zinariya. Sai yunwa ta ce salamu alaikum.

Wallahi ko a azumin bazara ban taɓa jin irinta ba. In gama cin abincin rana, ban wanke hannu ba cikina yana ƙugi. A hanyar dawowa a kan babur, idona yana bin kowane teburin mai tsire. Zuciyata ta zama kusa, abu kaɗan in hau mutum da faɗa. Na kai kuka wurin ƙaton nan, ya ce, "Kwaɗayi ne ka damunka, malam. Sha ruwa." Ruwa! Wayar da ba ta san tsawon hanyar Gwandu ba, ba ta san noman da nake yi ranar Asabar ba, wai ita ce ta fi ni sanin cikina. Amma na bi ta, don na fara ganin kafaɗuna suna cika riga.

Tun da yayyena suka yi aure suka watse, ni kaɗai nake cin tuwon dare da Baba, a zaure, da an idar da sallar magariba. Ni nake shiga in karɓo kwanon wurin Inna, ni nake mayar mata. Malmala huɗu take zubawa, biyu tasa biyu tawa, amma waya ta ce ɗaya da rabi ne haƙƙina. A gidanmu ba a magana bisa abinci. Ba ka ɗaga ido ka kalli fuskar babba yana ci, ba ka kuma kai hannu ga nama sai ya turo maka. Haka aka rene mu, idonka a kan gefenka na kwano.

Wani dare na cinye ɗaya da rabina, na tsame hannu, ina haɗiyar yawu. Sai na ga yatsun Baba sun turo malmala guda da tsokar nama zuwa gefena.

"Canye," ya ce. "Na sha hura a kasuwa, ta cika ni."

Yana da shagon yadi a kasuwa, can yake wuni, don haka ban yi mamaki ba. Na cinye, na sha romon miyar, kuma ban gaya wa waya ba. Washegari ya sake turowa. Kafin mako biyu ya zama ƙa'ida: Baba ya gutsiri loma uku ko huɗu ƙanana, ya jiƙa su sharkaf da miya, kowace ya bi ta da kurɓin ruwa, sauran duk nawa. Har ɗokin magariba nake yi. Ina ɗaga ƙarfe a Kalgo, raina yana kan rabon Baba.

Kwano kuwa tas yake komawa ciki. Inna ta karɓa tana murna, ta ce, "Malam dai ba ya rage mini tuwo, Allah shi ƙara lahiya." Ni kuma in ce amin.

Akwai abubuwan da na gani, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ga ya ƙara wa madaurin agogonsa huda. Na ga hularsa tana saukowa har kan kunnuwa. Tafiya masallaci da a da nake sassarfa in cim masa, yanzu ni nake rage sauri. Ya koma sa babbar riga ko da yana cikin gida, ko ana zafi. Ya kuma ajiye wani gwangwani a bayan tabarmarsa, wanda da kansa yake fita da shi.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai, ya haɗiyi loma sai na ji numfashinsa ya tsaya. Ya juya baya, ya yi wani tari mai kama da kakari, abin da ya haɗiya ya dawo cikin gwangwanin. Na karya dokar gida na ɗaga ido. Wuyansa na gani, ya zama siriri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, zufa tana bin su. Gabana ya faɗi. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"Ƙashi ne. Ci abincinka."

Babu ƙashi a miyar kuka ta ranar, ni na sani. Amma naman ya riga ya iso gefena, ni kuma tun la'asar nake ganin jiri. Na mai da idona ƙasa na ci. Kaico! Wannan lomar har gobe ina jin kunyarta.

Da damina ta yi nisa, babur ɗina ya lalace a Kalgo, makaniki ya ce sai an aiko da kayan gyara. Na kwana uku a ɗakin wani abokin aikina. A rana ta uku ina kwance bisa benci, ƙarfe a sama da ƙirjina, waya ta yi ƙara. Inna ce, wadda ba ta kirana sai da dalili.

"Kai, mi ke damun Malam ne? Kwana uku ke nan kwano na komowa yadda na zuba shi. Koko kaɗai yake sha, shi ma yau ya amayar."

Na kashe wayar, na miƙe. Na bar babur ɗin, na hau motar haya. Na sami Baba a ɗakinsa kwance, daga shi sai singileti, karo na farko cikin watanni da na gan shi babu babbar riga. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Damtsensa bai kai wuyan hannuna kauri ba. Ya dube ni, ya jawo mayafi ya rufe jikinsa, wai har lokacin ni yake jin kunya.

Da safe ni da Inna muka kai shi asibiti a birni. Likitan ya latsa cikinsa, ya shafa wuyansa, ya daɗe yatsunsa suna wuri ɗaya a saman ƙashin wuya. Fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya zauna ya ɗauki biro, ya ce a irin wannan ciwo tsawon lokacin shi ne kome, don haka a gaya masa gaskiya: tun yaushe tuwo ya daina wucewa?

"Kwana huɗu yau, likita," in ji Inna. "Kahin nan lahiya lau yake ci. Ko loma ba ya ragewa, ni ka wanke kwanon."

Likita ya dubi mutumin da ke kwance, ya sake duban Inna, bai rubuta kome ba. Baba ya lumshe ido, ya juya fuskarsa bango. Na gane ba zai yi magana ba, zai bar ta a haka don kada a ga laifina.

"Likita," na ce, "ya kai wata huɗu."

Inna ta juyo. "Wata huɗu kamar yaya? To tuwon hwa, wa ka ci nai?"

Ba ta jira amsa ba. Idonta ya sauka daga fuskata zuwa kafaɗuna, zuwa hannun rigata da ya ɗame, ya tsaya a nan. Likita ya sunkuyar da kai ya rubuta wata huɗu.